Sana'ar Fim a Nijeriya: Tallafin Gwamnati da Inda Gizo Ke Saƙar

Ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2025, ranar da Nijeriya ta cika shekara 65 da samun mulkin kai, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sake buɗe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas, bayan gyaran da Kwamitin Shugabannin Bankuna ya kashe wa kimanin Naira miliyan dubu 68. Shi dai wannan gini an kammala shi ne a shekarar 1976 domin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, ya kuma daɗe yana lalacewa kafin Gwamnatin Tarayya ta danƙa shi ga bankunan a shekarar 2020. A yanzu yana ɗauke da sunan Farfesa Wole Soyinka.

Wannan biki ya sake ta da wata tsohuwar tambaya a tsakanin masu sana'ar fim da kuma 'yan kasuwar da ke tunanin zuba jari a cikinta. Tun daga shekarar 2010 gwamnatoci ke ta sanar da asusun tallafi ɗaya bayan ɗaya, to me ya sa har yanzu galibin masu shirya fim, daga Surulere a Legas har zuwa titin Gidan Zu a Kano, suke yin aiki da kuɗin aljihunsu ko bashin 'yan'uwa da abokan arziki? Amsar a taƙaice ita ce, mafi yawan tallafin an tsara shi ne a kan yadda za a yi fim, alhali kuwa babbar ɓarakar tana wajen yadda za a sayar da shi, kuɗin ya komo hannun mai shi.

Girman sana'ar

A shekarar 2009 Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa in ban da Indiya, babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan fina-finan da ake fitarwa. Rahoton da hukumar ta fitar a shekarar 2021 ya ƙiyasta cewa ana yin fina-finai kimanin 2,500 a ƙasar nan a kowace shekara. Haka kuma, sa'ad da aka sake lissafin ƙarfin tattalin arzikin ƙasa a watan Afrilun 2014, wanda ya kai shi kimanin Dala miliyan dubu 510, an sami ɓangaren fim da kiɗa yana ba da fiye da kashi 1 cikin 100.

Bayan 'yan wasan da jama'a ke gani a allo, akwai marubuta, da masu ɗaukar hoto, da masu tace sauti, da mawaƙa, da teloli, da masu kwalliya, da direbobi, da masu dafa abinci, da masu ba da hayar gidaje da janareta. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin masu ɗaukar fim ya sauka a wani gari ya san irin cinikin da kan biyo bayansu.

Yadda aka faro

Hannun hukuma a harkar fim ya girmi mulkin kai. Dattawa ba su manta da motar majigi ba, wadda kan shiga gari-gari tana nuna fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai, da aka shirya don ƙarfafa noman auduga. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta ɗauki nauyin fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a shekarar 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarar 1979 aka kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Jos, inda daga baya aka buɗe makarantar koyon aikin fim ta ƙasa.

Sai dai kuma faɗuwar darajar Naira bayan shigo da shirin SAP a shekarar 1986 ta sa sayen zaren fim da wanke shi a ƙasashen waje ya gagari kowa. A cikin wannan matsi ne sana'ar da muka sani a yau ta ɓullo ta hanyar kaset ɗin bidiyo, ba kuma tare da sisin gwamnati ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a shekarar 1990, sa'an nan Kenneth Nnebue, wanda shi kansa ɗan kasuwa ne, ya fitar da Living in Bondage a shekarar 1992. Dillalan Idumota da Alaba a Legas, da na titin Iweka a Anaca, da na Ƙofar Wambai da Bata a Kano, su ne suka zama bankin sana'ar. Su ke ba da jari ko su sayi fim, su buga, su rarraba. Abin da gwamnati ta yi a wancan zamani shi ne kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa a shekarar 1993.

Duk da ƙorafin da masu shirya fim ke yi da dillalai a lokacin, tsarin yana da wata fa'ida guda: kuɗi yakan fito daga aljihun mai kallo, ya bi ta hannun mai shago da dillali, har ya isa ga wanda ya yi fim. Wannan hanya ce ta toshe daga baya.

Asusun da aka kakkafa

A ƙarshen shekarar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da asusun rance na Dala miliyan 200 ga harkar nishaɗi, aka ɗora wa Bankin Masana'antu da Bankin NEXIM alhakin rabawa. Fim ɗin Doctor Bello na Tony Abulu ya sami rancen Dala 250,000 daga NEXIM, amma masu sana'ar da dama sun koka da cewa sharuɗɗan sun fi ƙarfinsu. Wannan ya sa a shekarar 2013 aka fito da shirin Project ACT Nollywood na Naira miliyan dubu 3, wanda shi kyauta ne ba rance ba, aka kasa shi gida uku: horar da ma'aikata, shirya fim, da kuma rarrabawa.

A shekarar 2015 Bankin Masana'antu ya buɗe asusun NollyFund na Naira miliyan dubu 1. A shekarar 2017 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sa harkar fim cikin jerin sana'o'in da za su iya samun hutun haraji na shekara 3, wanda akan iya ƙarawa zuwa 5. Sa'an nan a shekarar 2019 Babban Bankin Nijeriya tare da Kwamitin Shugabannin Bankuna suka fito da rancen da ya kai Naira miliyan 30 ga mai shirya fim, da Naira miliyan 500 ga mai rarrabawa, a kan kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100. Daga ƙarshen shekarar 2023 kuwa, Babban Bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya janye jiki daga irin waɗannan rance na kai tsaye.

A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na fiye da Dala miliyan 600 don matasa masu sana'ar kwamfuta da ta fasaha, da kuɗin da aka haɗo daga Bankin Raya Afirka, da Bankin Musulunci, da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. A watan Agustan shekarar aka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da fasaha da al'adu, aka naɗa Hannatu Musawa minista, ita kuma ta sa wa ɓangaren burin samar da Dala miliyan dubu 100 nan da shekarar 2030. A watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai da ke Jos. A cikin shekarar ce kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kafa sabon asusun bunƙasa sana'o'in fasaha, wanda aka fara karɓar takardun masu nema a 2025.

Abin da ya hana rancen isa ga masu yawa

Ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane amfanin rance mai sauƙin ruwa. Naira miliyan 30 a kan kashi 9 cikin 100 ruwanta Naira miliyan 2 da dubu 700 ne a shekara. A kan kashi 30 cikin 100 kuwa, ruwan ya zama Naira miliyan 9, kuma a shekarar 2025 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa bai sauko ƙasa da kashi 27 cikin 100 ba. Saboda haka rancen gwamnati garaɓasa ce ga duk wanda ya same shi.

To amma kuɗin yakan bi ta hannun banki ne, bankin kuma shi ke ɗaukar asara in ba a biya ba. Don haka manajan banki zai nemi abin da ya saba nema: rajistar kamfani, da bayanan shige da ficen kuɗi na shekaru, da kason mai neman rancen daga aljihunsa, da jingina irin ta fili ko gida mai takardar mallaka. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai shirya fim kuwa dukiyarsa ita ce labari da suna da tsofaffin fina-finansa, waɗanda banki bai san yadda zai yi musu farashi ba. Ko da yake dokar 2017 ta halatta jinginar da dukiyar da ba gida ko fili ba, bankuna ba su saba karɓar haƙƙin mallakar fim a matsayin jingina ba, don ba su da tabbacin abin da zai kawo in an sa shi a kasuwa.

Sakamakon haka shi ne, waɗanda suka fi cin moriyar rancen su ne manyan kamfanoni masu gine-gine da akawu, musamman masu gina gidajen sinima a manyan kantuna. Ƙaramin furodusa kuwa, ko da ya sami rancen, yana nan da tambayar da banki ya yi masa tun farko: wa zai sayi fim ɗin, kuma ta wace hanya za a karɓo kuɗin?

Toshewar hanyar sayarwa

Kasuwar faifai ta fara durƙushewa ne a hannun masu satar fasaha, waɗanda kan cusa fina-finai da yawa a faifai guda su sayar da arha. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa ta. A garuruwan Arewa masu tura fina-finai a waya suka maye gurbin masu shagon kaset, fina-finan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa kuma suka kwashe wani kaso na 'yan kallo. Rahoton UNESCO na 2021 ya ƙiyasta cewa satar fasaha na cinye kashi 50 zuwa fiye da 75 cikin 100 na kuɗin shigar sana'ar a Afirka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce sinima, kuma a nan an sami ci gaba na a zo a gani. Fim ɗin A Tribe Called Judah na Funke Akindele shi ne na farko na gida da ya haura Naira miliyan dubu 1 a cinikin tikiti, a farkon shekarar 2024, sa'an nan Everybody Loves Jenifa ya zarce shi bayan shekara guda. Amma allunan sinima a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, galibinsu kuma a Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan suke. A Afirka baki ɗaya, in ji UNESCO, allo ɗaya ne ga mutum kusan 787,000. Bugu da ƙari, bayan an cire haraji da kason gidan sinima da na mai rarrabawa, abin da kan isa hannun mai fim bai cika kai rabin ciniki ba. Tsofaffin gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos, waɗanda talaka ke iya shiga, da yawansu sun koma shaguna ko ɗakunan taro ko wuraren ibada.

Hanya ta uku ita ce kamfanonin nuna fim ta intanet. Netflix ya bayyana cewa daga 2016 zuwa 2022 ya kashe Dala miliyan 175 a ƙasashen Afirka uku, inda Afirka ta Kudu ta sami miliyan 125, Nijeriya kuma ta sami kimanin miliyan 23. A watan Janairun 2024 kamfanin Amazon ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka, a ƙarshen shekarar kuma masu sana'ar suka fara kokawa da cewa Netflix ya rage sayayya, ko da yake kamfanin ya musanta cewa zai bar ƙasar. Dalilin a fili yake. Bayan sakin Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ake saye kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024, don haka kuɗin da mai kallo ke biya da Naira ya zama kaɗan ƙwarai in an juya shi zuwa Dala.

Abin da ya rage wa masu yawa shi ne YouTube. Fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, waɗanda suka fara fita a shekarar 2020, sun nuna cewa 'yan kallo na nan da yawa, har da Hausawan Nijar da Gana da Kamaru da Sudan da Saudiyya. YouTube yakan ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, sai dai farashin talla a kan mai kallo da ke Nijeriya ya yi ƙasa ƙwarai da na wanda ke Turai ko Amurka. Shi ya sa ake ganin tallan magunguna da atamfa da filaye a tsakiyar shiri, domin da shi ake cike giɓi.

Halin da Arewa ke ciki

Masu fim ɗin Hausa suna da ƙarin wani nauyi. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa hukumar tace fina-finai ta jiha, a 2007 kuma aka sake dakatar da aiki na wasu watanni. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kai su tantancewa kafin a sake su. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan matakai, mai zuba jari dole ya sa su a lissafi, domin jarin da aka tsayar wata guda ruwan bashinsa ba ya tsayawa.

Akwai kuma darasin dandalin shirya fina-finai na Naira miliyan dubu 3 da Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar ginawa a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, a shekarar 2016. Malamai da dama sun yi suka, aka janye shirin tun kafin a sa tubali. Abin da wannan ya nuna shi ne, a Arewa yardar al'umma wani ɓangare ne na jari, kuma tun farko ake neman ta.

A ɗaya gefen, tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a shekarar 2014 da tallafin gwamnatin Amurka kafin ta koma dogaro da talla, misali ce ta abin da kan faru in an sa kuɗi a mashigar kasuwa. Da tashar ta tsaya da ƙafarta, sai ta zama mai shiryawa da mai saye, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka samar wa mutane aiki na shekaru. Ta fuskar inganci ma fim ɗin Hausa ya nuna zai iya. The Milkmaid a shekarar 2020 da Mai Martaba a shekarar 2024 su ne Nijeriya ta aika gasar Oscar.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Tun shekarar 1948 Faransa ke cire wani kaso daga kowane tikitin sinima, wanda ya kai kusan kashi 11 cikin 100, ko da fim ɗin na Amurka ne. Hukumar CNC ce ke tara kuɗin, ta mayar wa masu shirya fim na gida gwargwadon cinikin da suka yi don su sa a fim na gaba, ta kuma taimaki masu gidajen sinima wajen gyara. A shekarar 2021 ƙasar ta wajabta wa kamfanoni irin su Netflix kashe akalla kashi 20 cikin 100 na cinikinsu na Faransa a kan shirye-shiryen Faransa da Turai. Maroko kuwa takan mayar wa kamfanin waje kashi 30 cikin 100 na abin da ya kashe a ƙasar. Afirka ta Kudu ma tana da irin wannan tsari, amma jinkirin biya ya kai masu sana'ar ga zanga-zanga a shekarar 2025.

Bambancin shi ne, tsarin Faransa doka ce ta kafa shi, yana da maɓuɓɓugar kuɗi ta kansa, yana kuma tafiya ne a kan sahihin lissafin kowane tikiti. Tallafin Nijeriya kuwa ya fi zuwa ta bakin shugaban ƙasa ko gwamnan Babban Banki, yakan kuma tafi tare da wanda ya kawo shi.

Abin da za a sa wa ido

Makomar sana'ar ta rataya ne a kan wasu abubuwa da ɗan kasuwa zai iya bin diddiginsu. Na farko shi ne aiwatar da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta ba da damar a sa a sauke fim ɗin sata daga intanet. Na biyu shi ne ko sabon asusun gwamnati zai yi nasarar sa bankuna su karɓi haƙƙin mallaka a matsayin jingina, kamar yadda aka tsara gwadawa. Na uku shi ne ko za a riƙa buga sunayen waɗanda suka sami tallafi da abin da suka biya, domin rancen da ba a karɓo ba shi ke rufe ƙofa ga na baya. Na huɗu kuma shi ne kuɗin waje, musamman asusun fim na Afirka na Dala miliyan dubu 1 da Bankin Afreximbank ya sanar, wanda masu tsabtataccen lissafi ne kaɗai za su iya kai hannu gare shi.

Ga mai jarin da ke son shiga, ba lallai ne ya fara da ɗaukar nauyin fim ba, domin fim guda tamkar noman damina ne, yana iya yin kyau yana iya ƙonewa. Akwai hayar kyamara da fitilu da janareta. Akwai sayen haƙƙin tsofaffin fina-finai da juya su zuwa wasu harsuna. Akwai tallata haja a cikin shirin da jama'a ke bi mako-mako. Akwai kuma ƙananan gidajen kallo a unguwanni da farashin da talaka zai iya biya, muddin an tanadi wuta da tsaro, an kuma tsara su yadda iyaye da malamai za su aminta. Wanda kuwa ya zaɓi sa kuɗi a fim, gara ya rarraba a kan fina-finai da dama, ya nemi rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace mai haƙƙin mallaka da kason kowa, ya kuma tabbatar an san mai saye tun kafin a kunna kyamara.

Su ma masu shirya fim akwai aikin da babu gwamnatin da za ta yi musu: yin rajistar kamfani, da buɗe asusun banki dabam da na gida, da rubuta yarjejeniya da marubuci da mawaƙi da ɗan wasa, da adana bayanan ciniki. Duk asusun da aka buɗe daga 2010 zuwa yau, waɗannan takardu ya fara tambaya, kuma babu alamar cewa na gaba zai tambayi wani abu dabam.